Abin Da Za A Yi In Mota Ta Daina Caji Bayan Ta Fito Daga Laka

Kowa ya san yadda hanyoyinmu suke zama daga watan Yuli zuwa Satumba. Muddin mota tana kan kwaltar da ta taso daga Kano ta ratsa Kankiya zuwa Katsina, hankalin direba a kwance yake. Amma da zarar ya sauka ya nufi ƙauye, ko Boko ne ko wani gari a ƙasar Kusada, sai ya gamu da caɓi, da kududdufi a tsakiyar hanya, da rafin da ya cika ya haura kwalbati. Direba yakan yi murna in ya fita ba tare da an tura shi ba. Sau da yawa kuwa wahalar tana gaba. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai jar fitila mai hoton batir ta kama a gabansa, fitilun gaba su dushe, da safe ya murza makulli mota ta yi shiru.

Abin da yawancin mutane suke yi shi ne su ce batir ya mutu, su je su sayo sabo. Kafin mako ya zagayo sabon ma ya kwanta. Kuɗi sun tafi, ciwo yana nan. Wani lokaci kuma asarar ta wuce ta kuɗi, gama motar da ta ɗauko mai naƙuda da tsakar dare zuwa asibitin Kankiya, in ta mutu a daji, rai ne yake cikin hatsari. Saboda haka ya kamata mai mota, da direban makaranta, da ɗalibin da wata rana zai riƙe sitiyari, su san inda za su fara dubawa.

Randa da ɗan garuwa

Batir ma'ajiyar wuta ne kawai, kamar randa a cikin gida. Mai cika randar kullum shi ne wani ɗan inji mai kama da tukunya, maƙale a gefen babban injin, wanda makanikai suke kira altaneta. Tsofaffin direbobi har yanzu suna ce mata dainamo, domin dainamo ne motoci suke amfani da shi kafin kamfanin Chrysler na Amurka ya sa altaneta a motarsa Valiant a 1960, sauran kamfanoni suka bi baya. Babban aikin batir shi ne ya ta da inji. Da inji ya tashi, altaneta ce take ciyar da fitilu da ham da waifa da fulogogi, ta kuma mayar wa batir abin da aka ɗiba. In ɗan garuwa ya daina zuwa, sayen sabuwar randa ba zai kawo ruwa gida ba.

Ɗalibanmu na ajin kimiyya za su tuna abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831, cewa in maganaɗisu ya motsa kusa da naɗaɗɗiyar waya, wuta takan gudana a cikin wayar. A kan wannan aka gina altaneta. Inji yana juya ta da fambel. A tsakiyarta akwai dunƙulen ƙarfe naɗe da waya, wanda yake zama maganaɗisu sa'ad da aka ba shi 'yar wuta. Wannan 'yar wuta tana shiga ta wasu ƙananan gawayi guda biyu da ake kira buroshi, waɗanda sifirin yake dannawa a kan zobba biyu na jan ƙarfe. Kewaye da dunƙulen akwai naɗin waya kashi uku, daga nan ne babbar wuta take fitowa. Sai dai wutar mai kai-da-komowa ce irin ta gida, batir kuwa ba ya karɓa sai mai bin hanya ɗaya. Don haka aka sa dayod aƙalla guda shida, kowanne kamar ƙofa ne mai buɗewa gefe ɗaya kaɗai. Na ƙarshe shi ne regileta, mai tsare ƙarfin wuta kada ya kasa, kada kuma ya wuce kima.

Ɓarnar da laka take yi

Altaneta tana yin zafi ƙwarai, iska ce kuma take sanyaya ta. Shi ya sa aka yi mata tagogi da 'yar fanka. To, inda iska take shiga, nan ruwan laka yake shiga. Ruwa mai tsabta bai cika yi mata illa ba, gama yakan bushe. Laka kuwa tana ɗauke da yashi, in ta bushe kuma sai ta daskare kamar tubali. Ɓarnarta iri biyar ce.

Ta ɗaya, tana sa fambel santsi, ya riƙa zamewa yana ƙara kamar kukan ɗan tsako, altaneta ta kasa juyawa yadda ya kamata. Ta biyu, tana cika gidan buroshi, sifirin ya kasa danna gawayin a kan zobe, maganaɗisu ya mutu. Ta uku, tana toshe tagogi, zafi ya taru har dayod ko regileta ya ƙone. Ta huɗu, ruwa yana wanke giris ɗin boris, yashi ya shiga ya cinye shi. Ta biyar, tana kwanciya a kan soket da mahaɗar wayoyi, ta riƙe danshi har su yi tsatsa.

Wannan ne dalilin da ya sa matsalar ba ta cika bayyana nan take ba. Laka tana bukatar lokaci kafin ta bushe, batir kuma yana da ajiyar da zai rufa asiri na ɗan lokaci.

In fitilar ta kama kana kan hanya

Ka tsaya a wuri mai tudu, ka bar inji yana aiki, gama in ka kashe shi mai yiwuwa ba zai sake tashi ba. Ka buɗe bonet ka dubi fambel da ido kawai, kada hannu ko hannun riga ya kusanci fanka. In fambel ya tsinke ko ya fita, ka kashe inji nan da nan. A motoci da yawa shi ne kuma yake juya famfon ruwan lagireto, wanda ya ci gaba da tafiya a haka zai ƙone inji.

In fambel yana nan yana juyawa, to, batir ne yake ɗauke da motar shi kaɗai. Ka kashe rediyo, da fanka, da na'urar sanyi, ka cire wayar cajin salula. Ka tuna cewa ƙwan fitilar gaba irin wanda aka saba da shi wat 55 ne, guda biyu wat 110 ke nan. In ka raba da bolt 12 za ka ga suna shan kamar amfiya 9, ban da fitilun baya da abin da inji yake sha. Saboda haka tafiyar dare ta fi saurin kwashe batir. Ka nufi gari mafi kusa, kada ka ce lalle sai ka kai gida.

Bincike daki-daki

Ƙa'idar ita ce a fara da abin da ba ya cin kuɗi, a ƙare da mai tsada.

1. Wanki. Ka bar inji ya huce. Ka fara cire kan batir mai alamar ragi, domin ko sifana ta taɓa jikin mota ba za a yi tartsatsi ba. Ka zuba ruwa mai tsabta da buta ta tagogin altaneta har ya riƙa fitowa garau. Kada ka sa fetur ko gas, kada kuma ka yarda a harba mata ruwa da tiyo mai ƙarfi na masu wankin mota, gama yana tura ruwa cikin boris. Ka bar bonet a buɗe ta sha iska ta bushe sarai kafin ka mayar da kan batir. Motoci da yawa a nan suke warkewa.

2. Fambel. Ka danna shi da babban yatsa a tsakiyar tazara mafi tsawo. Ya kamata ya lotsa kamar santimita 1 zuwa 1.5. In ya wuce haka ya yi sako-sako, a ɗaure. A kula kuma, ɗaurin da ya yi yawa yana kashe boris. In ya tsattsage ko gefensa yana ƙyalli kamar gilashi, a canja shi. Da yawa daga cikin motocin da suke da fambel mai faɗi mai layi-layi suna ɗaure kansu, amma tsakuwa da busasshiyar laka sukan maƙale a cikin layukan, sai a kankare.

3. Kan batir da wayoyi. In ka ga farin gari ko kore a kan batir, ka wanke da ruwan zafi, ka goge da sanfefa, ka ɗaure tam, ka shafa ɗan giris. Ka bi babbar wayar da ta fito daga bayan altaneta, da ƙaramin soket na gefenta, da kaurin wayar da ta haɗa inji da jikin mota. Ka duba babban fis ma. Noti ɗaya da ya kwance ya isa ya hana caji.

4. Gwajin jar fitila. Ka murza makulli ba tare da ka ta da inji ba. Fitilar ta kama, sa'an nan ta mutu da zarar inji ya tashi. In ba ta kama ba ko kaɗan, kada ka yi murna. A tsofaffin motoci da yawa, ta cikin wannan ƙwan ne wutar farko take bi zuwa buroshi. In ƙwan ya ƙone, ko wayarsa ta tsinke, altaneta mai lafiya ma tana iya ƙin fara aiki.

5. Awo da mita. Ƙaramar mitar auna wuta ba ta kai kuɗin batir ba ko kusa, ita ce kuwa take raba gardama. Batirin mota yana da ɗaki shida, kowanne bolt 2.1, cikakke ke nan bolt 12.6 sa'ad da inji yake kashe. In ya nuna 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Ka ta da inji, ka ɗan taka totur, ka sake aunawa. Ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.7, ko da an kunna fitilu. In awon bai tashi daga na farko ba, babu caji. In ya haura 15, regileta ya lalace, zai tafasa ruwan batir har ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ya kuma ƙone ƙwayayen fitila. Wasu sababbin motoci sukan rage caji da kansu in batir ya cika, don haka a auna su da fitilu a kunne.

6. Awo a bayan altaneta. Inji yana aiki, fitilu a kunne, ka auna a kan babbar wayar bayan altaneta, ka gwada da abin da ka samu a kan batir. In bambancin ya wuce rabin bolt, altaneta tana ba da wuta, a hanya take zubewa. Laifin waya ne ko fis.

7. Kunne da hanci. Gurnani ko ƙara mai tashi tare da totur alamar boris ce. Ƙaurin ƙonanniyar waya alamar naɗin ciki ne. In kuwa mota tana caji da rana amma batir yana wayar gari a kwance, mai yiwuwa dayod ɗaya ya lalace yana barin wuta tana komawa baya cikin dare.

In ka bi waɗannan duka ba a dace ba, lokacin zuwa wurin mai gyaran wutar mota ya yi, wanda ake ce wa riwaya. Ka gaya masa awon da ka samu, ka roƙe shi ya buɗe altaneta a gabanka. Buroshi, da boris, da regileta, da farantin dayod, duk ana sayar da su ɗai-ɗai. Sai in naɗin waya ya ƙone ne za a yi maganar sake naɗi ko sayen wata, sabuwa ko ta hannu irin wadda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano.

Abubuwan da ba a yi

Akwai tsohuwar dabara ta cire kan batir inji yana aiki, wai in bai mutu ba to akwai caji. Zamanin dainamo aka gaje ta. Batir ne yake shanye hauhawar wuta, in aka cire shi wutar takan yi tsalle farat ɗaya ta ƙone dayod, a motocin yanzu har da kwamfutar inji, wadda ta fi altaneta tsada nesa.

Kada a gwada batir da karta waya don a ga tartsatsi, kada kuma a haska shi da ashana ko aci-bal-bal. Batir yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, yana iya fashewa ya watsa asid a fuska. In asid ya taɓa ido ko fata, a wanke da ruwa mai yawa, a tafi asibiti. A cire zobe da agogon ƙarfe kafin a sa hannu.

In za a ta da mota da batirin wata, a tabbata ƙari ya tafi ga ƙari, ragi ga ragi. Juya su na daƙiƙa ɗaya ya isa ya kashe dayod. Batirin da ya ƙare ƙaf kuma a kai shi wurin masu caji ya cika tukuna, gama barin altaneta ta cika shi daga tushe yana sa ta zafi fiye da kima. In ruwansa ya ragu, a ƙara tataccen ruwan batir, ban da ruwan rijiya, ban da asid.

Rigakafi ya fi magani

Tun a watan Mayu, kafin ruwa ya zauna, a duba fambel, a ajiye wani a cikin mota tare da sifana da tocila. A san inda altaneta take, gama a wasu ƙananan motoci tana can ƙasa kusa da taya, ruwa kaɗan ma yana cim mata. Farantin da yake ƙarƙashin inji, wanda akan cire a lokacin gyara a manta da shi, a mayar da shi, shi ne garkuwarta. In an iso ruwa, a sauka a auna da sanda. In ya wuce tsakiyar taya, a jira ya janye ko a sake hanya. In za a shiga, a sa giya ta ɗaya a bi a hankali, domin gudu ne yake watsa laka cikin inji. Da an dawo gida kuma a wanke a ranar, tun laka tana ɗanya.

Ku ɗalibai da kuke da mota a gida, ku rubuta lambobin nan biyu a takarda ku manna a cikin motar: 12.6 in inji yana kashe, wajen 14 in yana aiki. Ku koyi riƙe mita a ɗakin gwaje-gwaje kafin hutun damina. Ran da aka ce batir ya mutu, ku roƙi Baba ya bari a auna tukuna kafin ya tafi kasuwa.