Yadda masu ɗaukar hoto za su sauƙaƙa dakon ƙafar kyamara a ƙasar Gumel

A duk ranar Alhamis, Kasuwar Maigatari da ke kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar kan cika maƙil da shanu da raƙuma da tumaki da awaki. Daga cikin masu kutsawa tsakanin dabbobin a 'yan shekarun nan har da masu ɗaukar hoto da bidiyo, kama daga 'yan jarida da jami'an yaɗa labarai na ƙananan hukumomi, zuwa matasan da ke ɗaukar dabbobi domin tura wa masu saye na nesa.

Haka lamarin yake a lokacin hawan Sallah a fadar Sarkin Gumel, da bukukuwan aure a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar.

Abin da ke hana hoto rawa a irin waɗannan wurare shi ne ƙafar kyamara, wadda masu sana'ar ke kira tiraifod. Ƙafafunta uku ne kamar duwatsun murhu, shi ya sa take tsayawa daram ko da ƙasa ba ta daidaita ba. Sai dai wahalar riƙonta da dakonta kan sa wasu su bar ta a gida, su dawo da bidiyo mai karkarwa wanda mai biki zai ƙi biyan kuɗinsa. Matsalolin uku ne, wato zafi da nauyi da rairayi, kuma maganin kowacce na nan a kasuwa da kuɗi kaɗan.

Dalilin da ƙarfen ke ƙona hannu

Mafi yawan ƙafafun kyamara da ake sayarwa a Najeriya da alminiyum aka ƙera su, kuma galibi baƙaƙe ne. Baƙin launi yana shan zafin rana, shi kuwa alminiyum yana isar da zafi fiye da katako sau sama da 1,000. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a arewacin Jihar Jigawa, ƙafar da ta daɗe a rana ba ta riƙuwa da hannu tsirara. Da hunturu kuma, a safiyar Disamba da Janairu, ƙarfen ne ke zuƙe ɗumin tafin hannu har yatsu su sandare.

A 1994 kamfanin Gitzo ya fito da ƙafar da aka yi da zaren kabon, wadda ta fi sauƙin nauyi kuma ba ta ƙona hannu kamar alminiyum. Amma farashinta ya fi ƙarfin yawancin masu ɗaukar bidiyon biki.

Hanya mai araha ita ce a lulluɓe saman ƙafafun da soson da masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki ke rufe bututun jan ƙarfe da shi. Za a fara auna kaurin ƙafar, wanda yawanci yakan kai milimita 25 zuwa 32, a zaɓi soso daidai da shi, a yanke tsawon kimanin santimita 30, a tsaga shi a tsaye, sannan a zura. A kula kada ya rufe makullan da ake buɗewa domin miƙa ƙafar.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne naɗe soson da baƙin salatif na masu gyaran wuta. Zafi na narkar da ƙaronsa, ya riƙa mannewa a hannu yana tara ƙura. Shi ma soson rana na sa shi marmashewa idan aka bar shi a fili. Abin da ya fi shi ne tela ya ɗinka masa riga da yadi mai kauri kuma mai haske, ko baduku ya lulluɓe shi da fata.

Gammon kafaɗa

Duk mai ɗaukar kaya a ka ya san amfanin gammo. Ƙafar kyamarar bidiyo kan kai kilo uku zuwa biyar, kuma idan aka saɓa ta, duk nauyin yana sauka ne a kan ƙashin kafaɗa. Soson da aka lulluɓa ya riga ya zama gammo, don haka a tabbatar ya kai daidai wurin da ke taɓa kafaɗar.

Idan tafiyar da nisa, maɗauri ya fi saɓo. Ana iya cire shi daga tsohuwar jakar goyo. Faɗinsa ya kai santimita biyar, domin siririn igiya na cin jiki. A ɗaura gefe ɗaya a wuyan ƙafar, ɗayan a ƙasa, sannan a rataya kan yana kallon ƙasa, tunda shi ne ya fi nauyi. A haɗe ƙafafun uku da robar tayar keke, kada su buɗe su bugi mutum ko su firgita dabba a cikin cunkoso.

Saɓa ƙafar alhali kyamara na kanta ganganci ne, domin ɗan ƙaramin noti ɗaya ne ke riƙe da ita. Cire ta a saka a jaka bai fi aikin daƙiƙa goma ba. A kan babur kuwa, kada a ɗaure ƙafar a gicciye. A goya ta a tsaye ko a miƙe ta tsawon babur ɗin.

Rairayi da ƙura

Ƙasar yankin rairayi ce, kuma ƙafa mai tsini nutsewa take yi a hankali har hoto ya karkace ba tare da an lura ba. Ɗan guntun katako ko na tsohuwar taya mai faɗin tafin hannu a ƙarƙashin kowace ƙafa ya wadatar. Idan iska ta taso, a rataya jaka a tsakiyar ƙafafun ta yadda gindinta zai taɓa ƙasa, kada ta riƙa lilo.

Ya kamata kuma a ɗan zaro sashen ƙasa na kowace ƙafa, ko da tsawon taki ɗaya ne, domin makullai su yi nesa da yashi. Bayan an tashi aiki a goge su da tsohon buroshin haƙori da busasshen tsumma. Zuba baƙin mai ko giris da yawa na jawo ƙura ne, ta gauraye da shi ta riƙa cin makullin kamar sanfefa.

Lokacin da ya fi dacewa a yi wannan gyara shi ne makonni biyu kafin Sallah, tun teloli da dukawa ba su shiga rububin aiki ba. Hakan zai ba mai kyamara damar gwada kayansa a wata Alhamis a Maigatari, ya gyara inda soso ya zame ko maɗauri ya matsa, kafin ranar da dawakai za su fito.