Randar Kura da Tulun Ladi Kwali

Tun da ruwan madatsar Tiga ya kawo kuɗin shinkafa da tumatir Kura da Bunkure, jarka da bokitin roba suke ta korar randa da tulu daga tsakar gida. Abin da ya fi damuna, a matsayina na mai nazarin harshe, shi ne kalmomin da ke ɓacewa tare da su. Yara nawa ne yau suka san shantali?

Alhali kuwa tukwanen Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar Michael Cardew a Suleja a 1954, gwanjonsu ake yi a Landan. Ita ta sami dandalin nuna aikinta, maginanmu ba su samu ba. A ganina, ya kamata baje kolin Kano na shekara-shekara ya ware musu rumfa, kowace randa ɗauke da sunan wanda ya gina ta.