FAIFAN POLY STYRENE: IHU NE KO WAƘA?

Wajen shekarar 1976 samarin Ingila suka fito da wani irin kiɗa da suke kira Punk. Ba ya bukatar gwaninta sosai, in an sami jita biyu da ganga da mai iya ɗaga murya, shi ke nan. Galibin masu yinsa maza ne. To, yau muna so mu duba wani faifai wanda mace ce zabiyarsa, watau Germfree Adolescents na ƙungiyar X-Ray Spex, wanda kamfanin EMI ya fitar cikin watan Nuwamba 1978.

Sunan zabiyar na yanka Marianne Elliott-Said. An haife ta a 1957, ubanta mutumin Somaliya ne, uwarta Baturiya, ta girma a unguwar Brixton cikin birnin Landan. Daga baya sai ta laƙaba wa kanta Poly Styrene, watau sunan farar robar nan mara nauyi da ake kunshe kaya da ita, sa'an nan a jefar. Wannan laƙabi kuwa ba wasa ba ne, shi ne kan maganar faifan duka.

Wanda ya fara jin faifan lalle zai ce faɗa ake yi. Muryarta kaifi gare ta kamar ta mai guɗa, ba ta lallashi, ba ta rangwaɗa. Ga kuma wani ƙahon tagulla da ake kira saksafon yana bin ta da kuka, abin da sauran makaɗan Punk ba su cika amfani da shi ba. Waɗansu suna cewa wannan duk hauragiya ce ta yara marasa kwaɓa. Mu dai ba mu yarda ba.

Dalilinmu shi ne, in mutum ya daure ya kasa kunne, zai ga zambo ne take yi, kuma ta san wanda take yi wa. Ba sarauniya take zagi ba, ba kuma saurayin da ya yaudare ta ba. 'Yan kasuwa take nufi, masu talla a jarida da talabijin, waɗanda ke gaya wa yarinya cewa ba ta cika mutum ba sai ta sayi man shafawa kaza da tufa kaza. Ma'anar sunan faifan ita ce samari da 'yan mata waɗanda babu ko ƙwayar cuta ɗaya a jikinsu. A hoton bangon ma an zuba makaɗan cikin kwalaben gwaji irin na likita. Waƙar da ake kira Identity tana magana a kan yarinyar da ta duba madubi ba ta gane kanta ba. Malamin da ya taɓa koyar da 'yan mata masu tasowa ya san wannan ba ƙaramin ciwo ba ne.

Abin da ya ƙara wa maganar nauyi shi ne mai faɗinta. Yarinya ce baƙa, 'yar shekara 21, da wayar gyaran haƙori a bakinta, ta ƙi yin kwalliyar da masu sayar da faifai suke so mata su yi. A zamanin nan kuwa 'yan National Front, masu ƙin baƙaƙen fata, suna ta jerin gwano a titunan Landan. Cikin watan Afrilu 1978 ita da ƙungiyarta suka yi wasa a filin Victoria Park, wurin babban taron da aka shirya don nuna ƙin wariyar launin fata.

Amma fa faifan yana da aibu, ba za mu ɓoye ba. Waƙoƙi 12 ne, da yawansu kuwa gudu ɗaya suke yi, har kunne ya gaji kafin a kai ƙarshe. Wani lokaci ihun yakan cinye kalmomin, sai wanda ya sami rubutunsu zai gane azancin da ke ciki, wannan kuwa hasara ce ga mai zambo. Shi ya sa muka fi son waƙar da faifan ya ci sunanta, inda aka sassauta kiɗan, zabiyar ta kwantar da murya tana ba da labarin wata yarinya da tsoron ƙazanta ya hana ta sakewa. A nan ne mutum zai tabbata ta iya waƙa, ihun da take yi a sauran da gangan ne.

Ƙungiyar ta watse a 1979, Poly Styrene kuma ta rasu a 2011 tana da shekara 53. Wanda ke so ya gwada faifan, shawararmu ita ce ya fara da wannan waƙa mai sanyi, sa'an nan ya juya kan Identity.