Gishiri Da Gumakan Yungang

A arewacin ƙasar Sin, kusa da birnin Datong, akwai wani dutse da ake kira Yungang. Tun wajen shekara ta 460 masassaƙa suka shiga fafe shi, kogo bayan kogo, har suka sassaƙa gumakan Buddha fiye da 51,000. Babbansu ya haura ƙafa 50.

To, amma dutsen nan na yashi ne, yana shan ruwa. Ruwan yakan shigo da gishiri. In ya bushe, sai gishirin ya daskare cikin ƙofofin dutsen, ya tsattsage shi, fuskar gunki ta marmashe. Ƙurar motocin kwal ta daɗa ɓarna, har aka karkatar da hanyarsu kafin shekara ta 2000. Ruwan kuwa, har yanzu masana suna fama da shi.