Jibi ba ta da suna a Turanci

Kwanan baya a tashar mota na ji wani saurayi yana waya da Turanci, yana ce wa abokinsa zai iso "next tomorrow". Duk ɗan Nijeriya ya gane jibi yake nufi. Amma da mutumin Ingila ne ke sauraronsa, da sai ya yi sororo, don su ba sa faɗin haka. Abin da suke da shi "the day after tomorrow" ne, kalmomi huɗu a inda muke da ɗaya. Mu kuwa har gata da citta muna da su, ga shekaranjiya, ga bara da bana da baɗi.

Irin waɗannan kalmomi da ke nuna yaushe aka yi aiki ko a ina, su ne malaman nahawu ke kira bayanau na lokaci da na wuri. A ganina, yawancin tuntuɓen da Bahaushe ke yi da su ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Harsunan biyu ne kowanne ya yanka lokaci da irin wuƙarsa.

Dubi "yesterday". Bahaushe yana cewa "na gan shi", yana kuma cewa "na gan shi jiya", aikatau bai canja ba. Sai ɗalibi ya rubuta "I have seen him yesterday", mai duba takardar WAEC kuwa ya ja masa jan biro. Da zarar an ambaci lokacin da ya riga ya wuce, ko da "yesterday" ko da "ago", to "have" ba ta da mazauni: "I saw him yesterday". Ita "ago" ma baƙuwar ɗabi'a gare ta, kullum a bayan adadin take zama, "two years ago", kuma daga yanzu take ƙirgawa zuwa baya.

Inda gizo ke saƙar shi ne "still", "yet" da "already". Mu "har yanzu" ɗaya ce ke mana aiki biyu: har yanzu yana barci, har yanzu bai zo ba. Bature ya raba su. Abin da ke ci gaba "still" ne, tana kuma zama a tsakiyar jimla: "He is still sleeping". Abin da ake jira bai auku ba "yet" ne, wato "tukuna" ɗinmu, tana zuwa a ƙarshe, cikin korewa ko tambaya: "He hasn't come yet". Idan ka ce "He still hasn't come", daidai ne, sai dai ka nuna ka fara ƙosawa da jiran. "Already" kuwa "riga" ce: ya riga ya tafi. A kula kuma, "lately" ba latti take nufi ba, "kwanan nan" take nufi.

Bayanau na wuri sun fi sauƙi. Hausa tana bambanta "nan" na kusa da ni da "nan" na kusa da kai ta karin sauti kawai, haka "can" na nesa da "can" na can ƙurya. Turancin yau "here" da "there" suka rage masa. "Yonder", "hither" da "thither" sun tsufa, sai a rubuce-rubucen zamanin Shakespeare da fassarar Baibul ta 1611 aka fi cin karo da su. Abin kiyayewa shi ne irin waɗannan bayanau na wuri ba sa son "to" a gabansu. Ba a cewa "go to there" ko "travel to abroad". A nan ma Hausa ta taimake mu: yadda muke cewa "tafi gida" kai tsaye, haka suke cewa "go home".

Idan na wuri da na lokaci suka haɗu a ƙarshen jimla, galibi na wuri ne ke gaba: "We met there yesterday". Mu ma ai haka muke cewa, mun haɗu a can jiya.