Jiragen Yaƙin da Aka Saya da Sharaɗi

A watan Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta suka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma suka tafi da ɗalibai 73 daga makarantar Kaya ta Maradun. A shekarar ce jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano suka iso daga Amurka, bayan Najeriya ta biya dala miliyan 496. Zamfarawa suka yi ta tambayar abin da ya hana a turo su dazukan jiharsu. Amsar tana cikin yarjejeniyar cinikin. Mai sayar da makami ba ya sakin akala bayan an biya shi, shi ke faɗin inda za a yi aiki da kayan da kuma a kan wa. An sayar da jiragen ne domin yaƙar 'yan ta'adda, don haka sai da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021, kafin Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ce hanya ta buɗe a Janairun 2022, watan da gwamnati ta sa hukuncin cikin kundinta.

Wannan jan ƙafa ya daɗe. Dokar Leahy ta 1997 ta hana Amurka tallafa wa duk rundunar da ake da ƙwaƙƙwarar hujjar ta ci zarafin farar hula, kuma a 2014 Amurka ta hana Isra'ila sayar mana da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra. Najeriya ta fusata, ta soke horon da Amurkawa ke ba wata bataliyarta. Masu kiran wannan katsalandan da munafunci suna da abin faɗa, domin Amurkar ta ci gaba da sayar wa Saudiyya makamai ana tsaka da ruwan bama-bamai a Yaman. Sai dai munafuncin mai sayarwa ba ya wanke mai saye. A Janairun 2017 jirginmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, lamarin da ya sa gwamnatin Obama ta jingine cinikin Tucano. A Janairun 2025 wani harin sama ya hallaka 'yan sa-kai da mutanen gari a Tungar Kara, a yankin Maradun da Zurmi. Waɗanda suka mutu namu ne, kuma duk kuskuren da aka binne ba tare da an bayyana wa jama'a sakamakon bincike ba, hujja ce muka miƙa wa 'yan majalisar Amurka da hannunmu. A ganina nan ne ƙarfin cinikinmu ke zurarewa, tun kafin jakadu su zauna.

Ana kuma cewa mu koma wajen Sin da Turkiyya da Pakistan, tunda su ba sa yawan tambaya. Ai an koma, an sayo jirage marasa matuƙi da jiragen yaƙi samfurin JF-17 da masu saukar ungulu samfurin T129, kuma hakan dabara ce mai kyau. Amma kowane samfuri da nasa kayan gyara da nasa horon matuƙa, kuɗin kulawa sai ya yi ta hauhawa. Sannan injin T129 da Turkiyya ke haɗawa sai da lasisin Amurka ake fitar da shi, kuma rashin wannan lasisin ne ya tsayar da cinikin jirage 30 tsakanin Turkiyya da Pakistan.