Farautar Masu Gudu da Ƙwallo a Jami'ar Alabama

Yau shirinmu zai leƙa garin Tuscaloosa na jihar Alabama a Amurka, inda filin wasan jami'a ke cin mutum kusan dubu ɗari, kuma a cika shi maƙil ranar Asabar don kallon ɗalibai suna buga ƙwallon Amurka. Wasan ya yi kama da zari-ruga. Akwai ɗan wasa guda da ake damƙa wa ƙwallon a hannu, ya sunkuyar da kai ya kutsa cikin ƙarti, ana auna tafiyarsa da yadi, wannan dai yadin da tela ke auna shadda da shi. Shi ne mai gudu da ƙwallo, kuma a kansa jami'o'i ke ta kokawa tun yana makarantar sakandare.

A zamanin koci Nick Saban, wanda ya ci wa Alabama kofin ƙasa sau shida tsakanin 2009 da 2020, farautar ba ta da wuya sosai. Saban zai zauna a falon iyayen yaro, ya ambaci Mark Ingram, wanda ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2009, ya ce ga hanyar shiga gasar ƙwararru ta NFL a buɗe. Da haka ya janye Derrick Henry daga hannun Jami'ar Jojiya, bayan yaron ya riga ya ba su alkawari. Henry ɗan ƙaramin garin Yulee ne a Fulorida, kuma ya bar sakandare da yadi 12,124, adadin da ya karya tarihin ƙasar a lokacin.

To amma ga inda gizo ke saƙar. A shekarar 2013 ɗin da Henry ya shiga, masu gudu huɗu Alabama ta ɗauka a lokaci guda, ƙwallon kuwa ɗaya ce. Henry ya haƙura da zama na biyu a bayan mai gudu T.J. Yeldon, sai a 2015 ya samu fili sosai, ya ruga yadi 2,219, ya ɗauki Heisman. Abokin shigarsa Alvin Kamara bai iya jira ba. Ya tattara nasa ya koma wata ƙaramar kwaleji a Kansas, daga can ya wuce Jami'ar Tennessee, kuma daga baya ya zama tauraro a NFL. A lokacin, barin makaranta irin wannan yana da tsada, domin doka kan sa ɗan wasa ya yi shekara guda bai taka fili ba idan ya koma wata babbar jami'a kai tsaye. Wannan dokar, a ganina, ita ce rabin ƙarfin Saban, ko da yake ba kowa ke son faɗa ba.

Yau wannan katanga ta rushe. Ɗan wasa na iya sauya sheƙa ya buga nan take, kuma tun watan Yulin 2021 an halatta masa karɓar kuɗi da sunansa da hotonsa. A 2025 kuma jami'o'in da kansu suka fara raba wa 'yan wasa kuɗi, har kusan dala miliyan 20 da rabi a shekara ga kowace makaranta. Saban ya yi ritaya a Janairun 2024, Kalen DeBoer ya gaje shi. Yanzu idan wakilin Alabama ya shiga falo, uban yaro zai tambaye shi abu biyu kafin a kawo ruwa: nawa ne, kuma sau nawa za a ba ɗana ƙwallo?

Tambaya ta biyun tana da fuska biyu. Mai gudu da ƙwallo jikinsa ne jarinsa, kowace ruga karo ce, kuma aikinsu a NFL bai cika daɗewa ba. Henry ya ɗauki ƙwallo sau 395 a kakar 2015 kaɗai. Shi ya sa wasu iyaye suka fi son makarantar da za a raba nauyi tsakanin mutum biyu, yadda Jojiya ta yi da Nick Chubb da Sony Michel, yaro ya isa NFL da sauran gwiwa. Wasu kuma su ce a'a, wanda ba a gani ba, ba a saye.

Kuma taurari biyar ɗin da shafuka irin su 247Sports ke liƙa wa yara don auna gwanintarsu ba su ne ƙarshen magana ba. Josh Jacobs da taurari uku ya zo daga Tulsa, ana dab da rufe ƙofar ɗaukar 'yan wasa, sai ga shi an zaɓe shi a zagayen farko na ɗaukar sababbin 'yan wasan NFL a 2019. Jahmyr Gibbs ma ba daga sakandare Alabama ta samo shi ba, daga Georgia Tech ya sauyo sheƙa a 2022. Ƙofar da ta shigo da Gibbs ita ce ta fitar da Justice Haynes, wanda aka sha wahalar shawo kansa, ya yi kaka biyu a Tuscaloosa, sannan ya koma Jami'ar Michigan bayan kakar 2024.

A nan za mu dakata, masu sauraro. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.